Yadda Ake Fara Rubuta Waƙa a Garin Aƙilu Aliyu

Rubutacciyar waƙa magana ce da aka auna gaɓoɓinta, aka jera ta ɗango-ɗango da baiti-baiti, aka ɗaure ƙarshenta da amsa-amo, domin a rera ta. A wajen Bahaushe waƙa ba ta kammala ranar da aka ajiye alƙalami, sai ranar da murya ta ɗauke ta daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Abin da ya raba ta da waƙar baka, irin ta makaɗan fada da na noma da na dambe, shi ne ba ta dogara da kotso ko kalangu ba. Kiɗanta yana cikin kalmominta, kuma wannan kiɗan ne abu na farko da mai koyo zai nema.

Matashin da ke Sabon Garin Jega, ko Aliero, ko Maiyama, in ya ɗauki alƙalami da niyyar waƙa, gadon gida ya taɓa. Garuruwan uku duk suna cikin masarautar Gwandu, wadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya riƙe har rasuwarsa a 1829, kuma shi da kansa ya tattara waƙoƙinsa na Larabci a littafin Tazyinul Waraƙat. Masu jihadi sun ɗauki waƙa a matsayin makaranta mai tafiya da ƙafarta: abin da ba kowa ke iya karantawa a littafi ba, kowa na iya hardace shi in an rera. Waƙar Tabbat Haƙiƙa ta nuna yadda aikin ke ratsa hannaye. Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Matan da Nana ta naɗa jaji, wato shugabannin 'Yan Taru, su ne suka riƙa kai irin waɗannan waƙoƙi ƙauyuka, suna koyar da mata da baki.

A ƙarni na 20 kuma Jega ta haifi Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda da wuya a lissafa manyan marubuta waƙar Hausa uku ba a sa sunansa ba. Neman ilimin addini ya kai shi Kano da Borno, ya shekara fiye da ashirin a Maiduguri, ya yi wa jam'iyyar NEPU waƙoƙi, daga baya ya zauna Kano har ƙarshen rayuwarsa. A 1977 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga Fasaha Aƙiliya, wanda Ɗalhatu Muhammad ya shirya, kuma a shekarar ne Ɗalhatu ya kammala digirinsa na uku a Landan a kan fasahar Aƙilu. Wanda zai fara waƙa a wannan yanki bai da littafin da ya fi wannan cancantar zama ƙarƙashin matashin kansa.

Koyon waƙa da kunne yake farawa. Kafin a rubuta ɗango ɗaya, ya kamata a ce mutum ya saurari waƙoƙi da yawa ana rera su, ya hardace baitoci har muryarsu ta zauna masa a ƙirji. Dalili kuwa shi ne Hausa tana auna waƙa da nauyin gaɓa. Gaɓa iri biyu ce. Akwai marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, kamar gi a cikin gida. Akwai mai nauyi, wadda wasalinta ke da tsawo, kamar da a cikin gida, ko wadda ta rufe da baƙi, kamar al a cikin albasa, ko mai tagwan wasali, kamar kai. Kalmar kasuwa da kalmar albasa nauyinsu ɗaya: mai nauyi, marar nauyi, mai nauyi. Kalmar gari kuwa ta rabu biyu a baki ko da yake rubutunta ɗaya ne, domin garin da ake zama cikinsa gaɓarsa ta farko gajeriya ce, garin da ake tuwo da shi kuma doguwa.

A nan ne rubutun boko ke yaudarar mai koyo, saboda ba ya nuna tsawon wasali. Ajami yana nunawa, da alifi da wawu da ya, shi ya sa malaman zaure irin su Aƙilu, da suka yi waƙa da ajami, suke ganin nauyin kalma da ido kamar yadda suke jin sa da kunne. Wanda boko kaɗai ya iya sai ya rama da furtawa a fili, yana buga yatsa a kan tabarma ko tebur, gaɓa bayan gaɓa.

Idan aka jera gaɓoɓi bisa wani tsari mai maimaita kansa, an sami kari, wanda ake kuma kira ma'auni ko bahari. Ilimin aruli, da Halilu ɗan Ahmad ya tsara a Basra a ƙarni na 8 na Miladiyya, ya fitar da karuruwa 15, daga baya aka ƙara ɗaya suka zama 16. Marubutan Hausa sun ari da yawa daga ciki, kamar Kamil da Ramal da Basiɗ da Rajaz da Mutaƙarab. Na ƙarshen nan ya fi sauƙin ganewa. Ƙafarsa ita ce fa'ulun, wato marar nauyi ɗaya da masu nauyi biyu, ana maimaita ta sau huɗu. Kalmomin yau da kullum ma suna hawa kansa: mutane, gidaje, tumaki, awaki. Duk wanda ya furta huɗun nan a jere zai ji suna tafiya kamar sawun doki. In ya cire tumaki ya sa shanu, nan take zai ji ɗangon ya ɗingisa, domin gajeriyar gaɓa ɗaya ta ɓace. Wannan ɗingishin shi ake kira karyewar waƙa, kuma shi ne aibin da masu sauraro suka fi saurin kamawa, ko da ba su taɓa jin sunan aruli ba.

Ba dole ne mai farawa ya hardace sunayen karuruwan ba. Da yawa daga cikin gwanayen ba daga littafi suka ɗauko kari ba, murya suka ara. Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, ya ɗora Imfiraji a kan muryar waƙar Caji ta makaɗan baka, ya cika ta da wa'azi. Hanya ce halattacciya: a zaɓi murya ɗaya, ta ishiriniya ko ta wata tsohuwar waƙa, a riƙa gwada kowane sabon ɗango a kanta. Murya ake ara, kalmomi kuwa dole su zama na mai waƙa.

Mutumin Jega yana da wata dama da Bakano ba shi da ita kai tsaye. Hausar yamma tana ninka baƙi a wuraren da daidaitacciyar Hausa ba ta yi. Inda ake rubuta da ya zo, da gajeren ya, mutumin Jega cewa yake da yaz zo, gaɓar ta koma mai nauyi. Marubuta daga ko'ina sun daɗe suna aro irin wannan don daidaita kari. Saboda haka kuskure ne matashi ya riƙa jin kunyar harshen gidansu a waƙa. Abin da ake so kawai ya san lokacin da ya yi amfani da shi da kuma dalili.

Amsa-amo, ko ƙafiya, shi ne gaɓar da ke dawowa a ƙarshen ɗango. Babban amsa-amo yana rufe kowane baiti tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, ƙarami kuma yana cikin baiti, yana iya sauyawa daga wannan baiti zuwa wancan. Yawan ɗango ke ba baiti suna: gwauruwa mai ɗaya, ƙwar biyu, ƙwar uku, ƙwar huɗu, ƙwar biyar. Tahamisi shi ne a ɗauki waƙar wani mai ƙwar biyu a ƙara ɗango uku a kan kowane baiti. Ƙwar biyu ta fi dacewa da hannun da bai saba ba. Sai dai akwai tarko a amsa-amo masu arha irin su wa da ba da na: kalmomin da ke ƙarewa da su suna da yawa ƙwarai, har mai waƙa ya wayi gari amsa-amon ne ke jan sa, yana cusa kalmar da ba ta da aiki don kawai ta cika gurbi. Baitin da aka yi don amsa-amo ana gane shi kamar yadda ake gane buhun da aka cika da ƙaiƙayi.

Jigo shi ne abin da waƙa take magana a kai. Masu farawa sukan ruga zuwa manyan batutuwa, duniya da zaman lafiya da soyayya, su ƙare da maimaita abin da kowa ya riga ya faɗa. Abin da mutum ya gani da idonsa ya fi ba da waƙa: lodin albasa a Aliero da asuba, masu ɗorin karaya na garin da majinyatan da ke zuwa musu daga nesa, cikar Gulbin Zamfara da damina, hayaniyar 'yan kamasho a tasha, dillalan kasuwar Jega. Kowace sana'a a cikin waɗannan tana da kalmominta, kuma kalmomin nan su ne jarin mawaƙi. Ƙarfin Aƙilu a nan yake. Ya tara kalmomi kamar mai tara hatsi, yana wasa da sautinsu, musamman salon da masana ke kira ƙarangiya, inda baƙi ɗaya ke bin kalmomi a jere. Sunayen waƙoƙinsa kaɗai darasi ne. Da zai yi magana a kan ilimi sai ya kira shi Kadaura Babbar Inuwa, ya ba mai sauraro itace da inuwa maimakon nasiha tsirara. A Hausa Mai Ban Haushi kuwa ya yi faɗa da masu wulaƙanta harshensu, kuma tun daga sunan ana jin hau ɗin Hausa na amsa hau ɗin haushi.

Bisa al'ada waƙa tana da mabuɗi da marufi. Ana buɗewa da sunan Allah da salati ga Annabi, a rufe da godiya, sau da yawa tare da sunan mai waƙa da garinsu da adadin baitoci. Magabata har shekara suke sakawa ta hanyar ramzi, wato kalmar da haruffanta ke ɗauke da lissafi. A ƙidayar Magariba da malaman ƙasar nan ke bi, shinun 1000 ne, ra kuma 200, don haka ramzin waƙoƙin zamanin jihadi yakan ƙunshi waɗannan haruffa biyu.

Fahimtar waƙar wani ita ma sana'a ce, kuma ita ke gyara hannun marubuci. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya kira aikin feɗe waƙa, ya shimfiɗa matakansa a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa: a san mai waƙa da zamaninsa, a gano jigo a warware shi, a duba zubi da tsari, sannan salo. Farfesa Abdullahi Bayero Yahya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya faɗaɗa batun salo a Salo Asirin Waƙa. Ga mai farawa, abin da ya fi amfani shi ne ya rera waƙar sau biyu ko uku kafin ya tambayi ma'anarta, sannan ya mayar da kowane baiti zuwa maganar yau da kullum. Abin da ya salwanta a wajen mayarwar, shi ne aikin da mawaƙin ya yi. Kalmar da ta gagara kuma a kai ta ga tsofaffi, domin da yawa daga kalmomin da ɗalibi ke ɗauka Larabci ne ko kuskuren ɗab'i, Hausar kakarsa ce.

Saura fitar da waƙa ga jama'a. A da almajirai da makafi ne ke yawo da ita kasuwa-kasuwa da ƙofofin masallatai, masu kwafi na sayar da ita a takardun ajami. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta buɗe mata shafi, rediyo kuma ya kai ta inda takarda ba ta zuwa. A Kano marubuta sun kafa ƙungiyoyi, Hikima Kulob ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta su Aƙilu, inda ake karanta wa juna waƙa ana gyara. Mata irin su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu sun yi fice a wancan zamani. Amfanin ƙungiya shi ne kunnen da ba ya jin nauyin faɗin gaskiya. Mutum uku ko huɗu da ke haɗuwa bayan la'asar, da malamin Hausa na sakandare ko malamin zaure mai sanin ishiriniya, sun isa su nuna wa mai koyo inda waƙarsa ta karye kafin duniya ta ji.

Yau wayar hannu ce kasuwar waƙa. A Facebook ana samun masu karatu da yawa, amma yabonsu yana da arha, kuma rubutu kaɗai ba ya nuna ko kari ya tsaya. Saƙon murya na WhatsApp ya fi kusa da asalin abin, domin yana mayar da waƙa ga rerawa. Wanda ya ɗauki muryarsa ya saurara yakan kama kurakuransa da kansa. In za a rubuta, a kula da ƙ da ɗ da ɓ, tunda baki da baƙi ba abu ɗaya ba ne, kuma allon rubutu na Hausa yana samuwa a yawancin wayoyi. Waƙar da ta yi daɗi takan bi hannaye daga zaure zuwa zaure har sunan da aka rubuta a samanta ya faɗi a hanya, wani ma ya ɗora nasa. Maganin wannan tsohon marufin nan ne: a saka suna da gari da shekara a cikin baitin ƙarshe, a kan kari da amsa-amon waƙar, yadda ba za a iya cire su ba sai an karya baitin.