Kyanwar Daji a Cikin Da'irori

Mu zana babbar da'ira a allo, mu kira ta dangin Felidae. Zaki da damisa suna ciki; jibda kuwa, duk da kamanninta, tana waje. A cikinta mu zana ƙarama, rukunin Felis. Nan ne gurbin kyanwar dajin da kan ɗauke 'yan tsaki a ƙauyukan Miga, wadda Forster ya raɗa wa suna Felis lybica a 1780.

Sai dai daga gare ta kyanwar gida ta samo asali, kimanin shekaru 10,000 da suka wuce, kuma har yau suna barbarar juna. Ƙa'idar rukuni a lissafi ita ce, abu ko dai yana ciki ko yana waje. To, ɗan da kyanwar daji ta haifa wa muzurun gida, ina za mu sa shi? Yawaitar irinsa ce ke barazanar shafe tsantsar ta daji.