Kiɗan da ba ya maimaita kansa: Yadda ake shuka sauti a kwamfuta a bar shi ya tsiro

Duk ma'aikacin da ya riski lokacin da kwamfuta ta fara zama ruwan dare a ofisoshin gwamnati zai tuna ɗan sautin nan mai taushi da ke tashi idan an kunna na'ura mai ɗauke da Windows 95. Tsawonsa bai wuce daƙiƙa shida ba. Wanda ya tsara shi ɗan Ingila ne mai suna Brian Eno, haifaffen 1948, kuma shi da bakinsa ya ce sai da ya haɗa guda 84 kafin kamfanin Microsoft ya zaɓi ɗaya. Mutumin da ya yi wannan guntun sauti shi ne kuma ya fi kowa suna a fagen wani kiɗa da ba a yanka masa ƙarshe, wanda kwamfuta kan yi ta fitarwa dare da rana ba tare da ta maimaita abin da ta riga ta buga ba.

Abu biyu ne suka haɗu a wannan fage. Na farko shi ne kiɗan yanayi, wato sauti mai tafiya a hankali, babu baitin waƙa, babu ganga mai sa rawa, an yi shi ne don ya cika ɗaki kamar ƙamshin turare. Na biyu shi ne hanyar samar da shi. Makaɗin ba ya zama ya jera kowace murya da hannunsa. Yana kafa dokoki ne, ya ba na'ura 'yan sautuka kaɗan, ya koma gefe yana saurare. Eno ya sha kwatanta aikin da na mai lambu: shi ya zaɓi iri, shi ya gyara ƙasa, amma bai san ta inda reshe zai ɓullo ba.

Daga gadon jinya zuwa filin jirgi

A farkon 1975 mota ta buge Eno a Landan, ya kwanta jinya. Wata abokiyarsa ta kawo masa faifan kiɗan tsirkiya na ƙarni na 18. Aka sa faifan, sai ya zama sautin ya yi ƙasa ƙwarai, ga ruwan sama yana zuba, shi kuma ba shi da ƙarfin tashi ya ƙara murya. Da ya haƙura ya saurara, sai ya ji kiɗan ya narke cikin ƙarar ruwan, ya zama wani ɓangare na ɗakin. A cikin shekarar ya fitar da faifan Discreet Music, wanda babban kiɗansa ya kai rabin awa. Jimlolin kiɗa biyu ne kawai masu tsawo daban-daban, ya zuba su cikin rikoda biyu da zaren kaset ɗaya ke ratsawa, abin da ta farko ta ɗauka ta biyu ta sake bugawa bayan ɗan jinkiri, ya koma cikin ta farko.

A 1978 ya fitar da Music for Airports, wanda tunaninsa ya zo masa yana zaman jira a filin jirgin saman Kolon na ƙasar Jamus. A nan ne ya raɗa wa salon suna, ya kuma gindaya masa sharaɗi: ya zama wanda ya so ya kau da kai zai iya, wanda ya so ya kasa kunne kuma ya sami abin ji.

Ba shi ya fara haƙa rijiyar ba. Tun wajen 1917 Bafaranshe Erik Satie ya rubuta abin da ya kira kiɗan kayan ɗaki. A 1964 Ba'amurke Terry Riley ya fito da In C, guntayen kiɗa 53 da kowane makaɗi ke maimaitawa iya son ransa kafin ya wuce gaba. A 1965 Steve Reich ya ɗauki muryar wani mai wa'azin kan titi a San Faransisko, ya sa ta a rikoda biyu, ɗaya ta riƙa ɗan tsere wa ɗaya, har kalmomin suka rikiɗe suka zama kiɗa. Eno bai ɓoye cewa wannan aiki na Reich ne ya buɗe masa ido ba.

Lissafin da ke ƙarƙashin abin

Sirrin farko lissafi ne na 'yan firamare. A da, ana yanko zaren kaset a manne bakinsa biyu ya zama zobe, sautin da ke kai ya yi ta zagayowa. A ce an yi zobe uku, na farko yana dawowa duk daƙiƙa 7, na biyu duk 11, na uku duk 13. Ba za su sake tashi tare kamar yadda suka fara ba sai bayan daƙiƙa 1,001, wato minti 16 da daƙiƙa 41. A ƙara na huɗu mai daƙiƙa 17, sai jiran ya haura awa huɗu da rabi. A ƙara na biyar mai 19, ya wuce kwana uku da rabi. Sauti biyar ne rak, amma haɗuwarsu da rabuwarsu kullum sabuwa ce. Da wannan dabara aka gina ɓangaren muryoyin Music for Airports. Da makamanciyarta kuma Jem Finer ya tsara Longplayer, wanda aka kunna a ranar ƙarshe ta 1999 a Landan, da nufin ya shekara dubu bai maimaita kansa ba.

Sirri na biyu shi ne ƙuri'a. Manhajojin yau suna ba makaɗi damar cewa wannan murya ta fito sau shida cikin goma, waccan sau biyu, kuma kwamfuta ce za ta jefa ƙuri'ar a kowane zagaye. Don kada abin ya zama hayaniya, sai a taƙaita zaɓin cikin jerin muryoyi biyar, irin wanda kunnen Bahaushe ya saba ji a kiɗan gargajiya da yawa, domin kusan duk biyun da suka haɗu a cikinsa ba sa karo. Ƙwarewar tana wajen auna iyakar. Idan dokokin sun yi tsauri, kiɗan ya zama agogo. Idan sun yi sako-sako, ya zama kasuwa.

Kayan gyaran sauti

Muryar da ta fito kai tsaye daga na'ura busasshiya ce. Kayan gyaran sauti ne ke ba ta jiki, kuma a wannan salo su ne rabin aikin.

Akwai amsa-kuwwa, wadda ke riƙe sauti ta sake sako shi bayan jinkiri. Idan aka mayar da kashi 70 ko 80 cikin ɗari na abin da ta sako cikinta, kowace murya sai ta daɗe tana dusashewa, sababbi suna hawa kanta. Idan aka kai ɗari bisa ɗari ko fiye, sautin zai yi ta kumbura har ya zama ƙara mai cutar da kunne da lasifika, shi ya sa masu sana'ar ke ajiye matakin tsaro a ƙarshen layi wanda ke danne duk abin da ya wuce kima.

Akwai amon ɗaki, wanda ke kwaikwayon yadda murya ke yawo a babban zaure kafin ta mutu. A waƙar rediyo ana ba shi daƙiƙa ɗaya ko biyu. A kiɗan yanayi ana iya ba shi ashirin, har farkon murya ya ɓace, jelarta kaɗai ta rage. Akwai matata, mai rage kaifi ko nauyin sauti, wadda akan ɗora wa wani ma'auni mai juya ta a hankali, ta buɗe ta rufe cikin minti guda ko biyu. Sannan akwai miƙa sauti. Manhajar Paulstretch, wadda Nasca Octavian Paul ya rubuta, tana ja wa sauti tsawo ba tare da ta sauya kaurin muryarsa ba. A 2010 wani ya miƙa waƙar Justin Bieber da ita ninki takwas, ta koma tamkar igiyar ruwa, miliyoyin mutane suka saurara.

Yawancin kayan nan ba sa bukatar kuɗi. Pure Data ta Miller Puckette, da SuperCollider ta James McCartney, da Sonic Pi da Sam Aaron ya ƙirƙira a Jami'ar Kambirij don koya wa yara rubuta manhaja, duk kyauta ne. Haka VCV Rack, da ta fito a 2017, tana da nau'in kyauta. Masu hali kan sayi Ableton Live ta birnin Balin. Eno kansa ya koma kwamfuta a tsakiyar shekarun 1990 da manhajar Koan, ya fitar da Generative Music 1 a 1996, sannan a 2008 shi da Peter Chilvers suka saki Bloom a wayar iPhone.

Sawun Afirka ta Yamma

Wannan yanki yana da hannu a tarihin. Reich ya je Ghana a 1970 ya koyi kiɗan ƙabilar Ewe, ya dawo ya rubuta Drumming, yana mai cewa tafiyar ta tabbatar masa da hanyar da ya riga ya ɗauka. Eno ya daɗe yana yabon Fela Kuti da makaɗinsa Tony Allen, kuma ya je Ghana ya shirya wa ƙungiyar Edikanfo faifansu na 1981. A can ya riƙa zama da dare da makirufo yana sauraren sautukan da ke kewaye da shi, abin da ya yi tasiri a faifansa On Land na 1982. A 2005 kuma masanin kwamfuta Godfried Toussaint ya nuna cewa tsohuwar dabarar lissafi ta Yuklid, idan aka raba bugu bakwai a gurbi goma sha biyu da ita, tana fitar da salon bugun kuge da aka sani a Afirka ta Yamma. Yau wannan lissafi yana cikin manhajojin kiɗa da dama.

Na wane ne kiɗan?

Abin ya zama kasuwa. A 2019 kamfanin Warner Music ya ƙulla yarjejeniyar rarraba faifai 20 da Endel, wata manhajar Balin da ke haɗa sauti bisa lokaci da yanayin gari da bugun zuciyar mai saurare. Masu irin waɗannan manhajoji suna tallata su a matsayin maganin rashin barci da tarwatsewar hankali. Abin da binciken masana halayyar ɗan Adam ya daɗe da nunawa ya fi wannan ƙanƙanta: kiɗa mai kalmomi ya fi marar kalmomi dagula ƙwaƙwalwar mai karatu. Wanda ke toshe kunne don guje wa ƙarar janareta ya kuma tuna da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa babba kada ya wuce awa 40 a mako a ƙarfin desibel 80.

Tambaya mafi nauyi ta doka ce. A 2023 wata kotun tarayya a Washinton ta yanke, a ƙarar da Stephen Thaler ya shigar kan wani hoto, cewa aikin da babu hannun ɗan Adam a ciki ba ya samun haƙƙin mallaka. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta shar'anta cewa sai an yi wani ƙoƙari da ya ba aikin kiɗa asalinsa, kuma sai an adana shi a wani mazubi. Makaɗin da ya kwashe makonni yana zaɓen sauti da auna dokoki ya yi ƙoƙari, babu tantama, kuma ya sha bamban da wanda ya rubuta wa ƙirƙirarriyar basira jimla ɗaya ya karɓi waƙa. Matsalar tana wajen adanawa. Abin da ya naɗa a faifai an adana shi, manhajar da ya rubuta ita ma doka na kare ta. Amma kiɗan da manhajar ta buga wa wani a wayarsa da asubahin Talata, wanda ba a naɗa ba kuma ba zai sake dawowa ba, a wane gurbi za a sa shi? Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya da masu tsara wa 'yan majalisa daftarin doka za su bukaci amsa, tun kafin matasan da ke haɗa kiɗa a ɗakunansu na Legas da Kano da Abuja su fara kai musu ƙorafi.