Daga "Kai!" Zuwa "Oh là là !": Yadda Faransanci Ke Bayyana Motsin Rai

Kogin Binuwai da ya ratsa ta gefen Jimeta sai da ya bi ta Garwa ta ƙasar Kamaru kafin ya iso. A zamanin Modibbo Adama, wanda ya kafa Yola a 1841, yankunan biyu ƙasa ɗaya suke, ta Fombina. Turawa ne suka raba su, yankin Garwa ya faɗa hannun Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya koma hannun Faransa. Shi ya sa har gobe ɗan kasuwar Jimeta ba ya rasa baƙo mai lissafi da sefa. Fulatanci da Hausa kan raba gardama, amma da ciniki ya yi zafi sai a ji baƙon ya dafe kai ya ce "Oh là là, comme c'est cher !" Wato "Kai, wannan tsada haka!"

Irin wannan jimla ita ce ta motsin rai, kuma nahawun Faransanci ya tanadar mata hanyoyi uku.

Ta farko ita ce ɗora "quel" a gaban suna. A nan Bahaushe ba baƙo ba ne, domin yadda yake rarrabe wane da wace da waɗanne, haka Faransanci ke da "quel" na namiji, "quelle" na mace, sai "quels" da "quelles" na jam'i. Mutumin da ya sha ranar watan Afrilu a Yola, lokacin da zafi kan haura digiri 40, zai ce "Quelle chaleur !", wato wane irin zafi ne wannan. Tarkon yana nan: zafi namiji ne a Hausa, amma "chaleur" mace ce. Kasuwa mace ce a wurinmu, amma "marché" namiji ne, don haka "Quel marché !" ake rubutawa. A baki duk huɗun "kel" ake furta su, kuskuren ba ya fitowa sai an ɗauki biro, ko kuma idan sifa ta shigo: "Quel beau boubou !" ga babbar riga, amma "Quelle belle voiture !" ga mota. Kuma ba a saka "un" ko "une" bayan "quel", "Quel dommage !" kawai ake cewa idan abin takaici ya faru.

Hanya ta biyu ita ce buɗe cikakkiyar jimla da "comme" ko "que" ko "qu'est-ce que". Dukansu aiki ɗaya suke yi, sai dai "que" ta fi zama a rubutu, "qu'est-ce que" kuwa ta hirar yau da kullum ce. Ita ta ƙarshen tana ruɗa ɗalibai, saboda da ita ake yin tambaya. "Qu'est-ce qu'il mange ?" na nufin me yake ci. Amma "Qu'est-ce qu'il mange !" cewa ake yi mutumin nan akwai ci. Kalmomin ba su canza ba. Murya ce ta bambanta su a baki, alama kuma a takarda.

Ta uku ita ce kalmomin da ke tsayawa da ƙafarsu, irin su kash da wayyo da tir a Hausa. Wanda salansar babur ta ƙona masa ƙafa zai ce "Aïe !" Wanda ya sauke buhun masara daga ka zai ce "Ouf !" Mai son yara su yi shiru zai ce "Chut !" "Hélas !" ta baƙin ciki ce, ta fi yawa a littattafai. "Zut !" da "Mince !" na ɗan ɓacin rai ne, kuma ana iya faɗinsu gaban kowa. Akwai wata da ake yawan ji a fina-finai, mai farawa da harafin m, wadda ashariya ce. Yaro mai tarbiyya ba ya sakinta gaban babba ko jami'in kan iyaka. Faransancin Kamaru ma yana da nasa ƙari: mutanen Yawunde kan ce "Ékié !" don mamaki, a arewa kuwa wallahi na shiga tsakiyar jimla yadda take shiga a Jimeta.

Akwai kuma ƙa'idar rubutu da ake yawan mantawa: a tsarin buga rubutu na Faransa ana barin ɗan fili tsakanin kalmar ƙarshe da alamar motsin rai, saɓanin Hausa da ke manna su.

A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, kuma ana rubuta shi a jarrabawar WAEC. Ɗalibin Adamawa ya fi na sauran jihohi da yawa sa'a, domin masu harshen na zuwa har kasuwar garinsa. Malamai su riƙa koyar da kowane suna tare da jinsinsa, ɗalibai kuma su riƙa kasa kunne idan baƙin Garwa na ciniki.