Lissafin da ke gadin katin cirar kuɗi

Duk mai riƙe da katin banki yana dogara da wani reshen ilimin lissafi, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Masana na kiransa kombinatoriks, wato ilimin gano adadin hanyoyin da za a iya zaɓar abubuwa ko jera su, ba tare da an ƙirga ɗaya bayan ɗaya ba.

Ilimin ba na yau ba ne. A ƙarni na 8, malamin lugga na birnin Basra, Khalil ibn Ahmad, ya yi amfani da shi wajen tsara ƙamus ɗinsa, Kitabul Ain. Ya lura cewa haruffa biyu suna jeruwa ta hanya 2, uku ta hanya 6, huɗu ta hanya 24, biyar kuwa ta hanya 120. Da wannan ya riƙa jujjuya haruffan kowane tushe, yana ware kalmomin da Larabawa ke amfani da su daga waɗanda suka bari. A shekarar 1654 kuma, Blaise Pascal da Pierre de Fermat na Faransa suka yi musayar wasiƙu kan rabon kuɗin wasan da aka katse, suka aza harsashin lissafin yiwuwa.

Babbar ƙa'idar ita ce ninkawa. Idan ƙungiyar 'yan kasuwa mai mutum 10 za ta zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, shugabancin na iya faɗawa kan mutum 10, sakatare 9, ma'aji 8. Ninka su ya ba da hanya 720. Idan kuwa kwamitin mutum uku kawai ake so, babu muƙami, adadin ya sauko zuwa 120, domin kowane rukuni an ƙirga shi sau 6.

Adadin yana hauhawa da sauri ƙwarai. Direban da zai sauke kaya a shaguna 10 yana da jeri 3,628,800 da zai iya bi, shi ya sa manyan kamfanonin sufuri ke sa kwamfuta ta zaɓa musu hanya mafi sauƙi.

Haka lamarin yake ga lambar sirri. Lamba huɗu, kowace daga 0 zuwa 9, suna haɗuwa ta hanya 10,000, kuma galibi banki kan rufe kati idan an yi kuskure sau uku a jere. Saboda haka da wuya ɓarawo ya dace ta hanyar canke. Amma wanda ya sa shekarar haihuwarsa ya rushe wannan kariya da hannunsa: daga 1950 zuwa 2009 zaɓi 60 ne kacal, kuma idan katin shaida na cikin jakar da aka sace, ɓarawon ba ya ma buƙatar canke.

Lambar sirri mai tsaro ita ce wadda ba ta da alaƙa da ranar haihuwa, lambar waya ko lambar mota.