Yakubu: Sunan Da Kogin Kaduna Bai Raba Ba

Duk wanda ya tsaya a kasuwar Kakuri ya ƙwala wa Yakubu kira, da wuya ya san ko daga masallaci mai amsawar ya fito ko daga majami'a.

Asalin sunan Ibrananci ne, ta hanyar Larabci kuma ya shigo Hausa. Littafin Farawa ya danganta shi da kalmar diddige, domin an haifi mai sunan yana riƙe da diddigen tagwayensa Isuwa. Musulmi kuwa sun san Annabi Yakubu, ɗan Annabi Ishaƙu, mahaifin Annabi Yusuf, wanda ake buga misali da haƙurinsa.

Sunan ya daɗe a ƙasar nan. Malam Yakubu, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu, shi ya kafa garin Bauchi a 1809. Janar Yakubu Gowon, Kirista da ya tashi a Wusasa, ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975.

Masaƙar da aka buɗe a Kakuri a 1957 ta tara ma'aikata daga ko'ina, har aka zama maƙwabta. Rikicin shekarar 2000 ya wargaza wannan zama: Musulmi da yawa suka ƙaura arewacin kogi, Kiristoci suka yo kudu. Amma har gobe ana raɗa wa jarirai Yakubu a Barnawa, ana raɗa shi a Unguwar Sarki.