Tsarin sunayen yankuna a rarrababben rumbun bayanai

Tsarin sunayen yankuna hanya ce ta raɗa wa bayanai suna a rumbun bayanan da aka rarraba a kan kwamfutoci da yawa, inda kowane ɓangare yake da kwafi fiye da ɗaya. Manufarsa ita ce suna ɗaya ya riƙa nuna abu ɗaya a ko'ina, ko da an sauya wurin da bayanin yake ajiye. Fitaccen misalinsa shi ne DNS, wanda ke mayar da sunayen shafukan intanet zuwa adireshin IP.

Tarihi

A zamanin ARPANET, sunayen dukan kwamfutoci suna cikin fayil guda mai suna HOSTS.TXT, wanda cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya a Amurka take kula da shi. Kowace kwamfuta sai ta riƙa sauke sabon kwafinsa lokaci-lokaci. Da kwamfutoci suka yawaita, fayil ɗin ya yi nauyi, kuma kwafin yakan tsufa kafin a sabunta shi. A shekarar 1983 Paul Mockapetris ya fitar da tsarin DNS a takardun RFC 882 da 883. A 1987 aka maye gurbinsu da RFC 1034 da 1035.

Yadda ake tsara sunaye

Sunayen suna da siffar bishiya mai rassa, kuma ana karanta su daga dama zuwa hagu. A cikin buk.edu.ng, "ng" yankin Najeriya ne da ke hannun ƙungiyar NiRA, "edu" reshen makarantu ne, "buk" kuwa na Jami'ar Bayero ta Kano ne. Mai yanki yana iya danƙa wa wani ikon kula da reshe. Saboda haka ba sai an tuntuɓi wata cibiya guda ba kafin a ƙirƙiri sabon suna. Sharaɗin kawai shi ne kada rassa biyu na yanki ɗaya su yi suna iri ɗaya. Sunan yana nuna wanda ke da iko da bayanin ne, ba kwamfutar da yake ciki ba.

Kwafi da sabuntawa

Yanki yakan samu babbar sabar da ake yin gyara a kanta, da wasu sabobi masu ɗaukar kwafi. Idan an yi gyara, sai a ƙara lambar jeri ta yankin, masu kwafi su ga ta ƙaru su ɗauko sabon bayani. Kowace amsa tana ɗauke da wa'adin daƙiƙoƙi da za a iya riƙe ta kafin a sake tambaya. Dogon wa'adi yana rage cunkoso, amma yana sa tsohon bayani ya daɗe yana yawo. Tushen bishiyar yana da sunayen sabar 13, daga A zuwa M, waɗanda hukumomi 12 ke gudanarwa a kan kwamfutoci sama da dubu a faɗin duniya.

Iyakoki

Kowane ɓangare na suna ba ya wuce baiti 63, cikakken suna kuma ba ya wuce baiti 255. Da farko haruffan a zuwa z, da lambobi, da karan ɗori kaɗai ake amfani da su a sunayen kwamfutoci, don haka haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ, ɗ da ƙ ba sa shiga. A 2003 aka fito da ƙa'idar IDNA, wadda ke mayar da irin waɗannan sunaye zuwa rubutun da ke farawa da "xn--".