Alhaki a Wuyan Wa? Littafin Conrad na Leƙen Asiri da Karɓuwarsa a Amurka

Ran 15 ga Fabrairu 1894 wani Bafaranshe mai suna Martial Bourdin ya nufi gidan duban taurari na Greenwich a Landan, ɗauke da bom. Bom ɗin ya tashi a hannunsa, ya halaka shi kaɗai. A kan wannan al'amari ne Joseph Conrad, wanda asalinsa mutumin Folan ne, ya gina ƙagaggen labarinsa The Secret Agent, da aka buga a 1907.

Zubin labarin ba shi da wuya. Verloc ɗan tireda ne a unguwar Soho, amma a ɓoye ɗan leƙen asiri ne na wani ofishin jakadanci. Jami'in ofishin, Vladimir, ya matsa masa ya kai hari Greenwich, don a ɗora wa 'yan tawayen da suka sami mafaka a Ingila, gwamnati ta fusata ta murƙushe su. Watau maƙarƙashiyar ba daga 'yan tawayen ta fito ba, daga masu mulki ta fito. Verloc ya ɗora wa ƙanen matarsa bom ɗin, wani yaro mai raunin hankali, Stevie. Yaron ya yi tuntuɓe, ya yi kaca-kaca.

A nan ne jigon littafin yake. Winnie, matar Verloc, ta aure shi ne don ƙanenta ya sami matsuguni, ba don ƙauna ba. Ita ce kuma ta ɗinka adireshin gidansu a cikin kwat ɗin yaron don kada ya ɓata, wannan ƙyallen ne ya kawo 'yan sanda ƙofarta. Verloc kuwa ko a jikinsa. A ganinsa tsautsayi ne, har yana neman raba laifin da ita. Ta daɓa masa wuƙa, daga bisani ta faɗa teku. Kowa a littafin yana da hannu a mutuwar Stevie, amma ita kaɗai ta ɗauki alhakin.

Da fari littafin bai yi kasuwa ba. A Amurka ne ya sami wata irin rayuwa. Da aka kama Theodore Kaczynski a 1996, wanda ya yi shekaru yana aika bama-bamai ta gidan waya, sai aka gano ya sha karanta shi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 kuma jaridun ƙasar suka yi ta ambatonsa. Hankalinsu ya fi karkata ga Farfesa, mutumin da yake yawo da bom a aljihu, alhali kuwa shi ɗan rakiya ne kawai a labarin. Vladimir, wanda ya shirya kome yana zaune a ofis, ba a cika tunawa da shi ba.